Wai sujada ranar Lahadi kaɗai ce, shaida kuma aikin fasto ne?

Luka: Salama gare ku 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cin raina, inaso mu tattauna shi tsakani da Allah ba tare da kowa ya ji haushi ba. Ranar Lahadi coci cike maƙil, hannuwa a sama, wasu har da hawaye, amma ranar Litinin in ka haɗu da mutumin nan ɗaya a wurin aiki sai ka rasa gane shi, shi ne mai zagi shi ne mai cin amana shi ne wanda ƙananan ma'aikata ke ɓuya in sun ji muryarsa. To wace irin sujada muka yi kenan? Abu na biyu kuma yawancinmu mun bar wa fasto da mai bishara maganar shaida, mu namu zuwa da zama da ba da baiko shikenan. Ni a ganina abu biyun nan ciwo ɗaya ne, wanda rayuwarsa ba ta yi wa Allah sujada ba to ba shi da abin da zai faɗa wa maƙwabcinsa. Ku ya kuka gani?

Saratu: Ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi ɗan'uwa. Sai dai ina so mu bi a hankali da maganar hawayen nan, ba duk wanda ya yi kuka ranar Lahadi ya faɗi ranar Litinin ne munafuki ba. Wani da gaske yake kukan, fama yake da halinsa, zuwa cocin ma shi ke riƙe da shi da ya fi haka lalacewa. Mu ba ma ganin zuciya.

Dauda: Dama na san za a zo nan. Duk lokacin da aka ɗauko zancen sujada ta gaskiya sai a juyo kan mu mawaƙa, wai kiɗa yayi yawa, wai mun maida coci wurin wasa. Haba jama'a. Ku buɗe 2 Sama'ila 6, sarki guda, wato sarki Dauda, ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, wadda ta leƙo ta taga ta raina shi ita ce nassi bai yaba ba. Zabura 150 kuma kaf ɗinta kayan kiɗa ne, ƙaho da garaya da molo da kuge. Mu da muke zuwa firaktis da yamma bayan mun gaji da aiki ba don a tafa mana muke yi ba.

Luka: Ɗan'uwa Dauda ban ambaci mawaƙa ba fa, sake karantawa. Mai zama shiru a bencin baya ma yana cikin maganata.

Baba Ishaya: 'Ya'yana ku bari in sa baki. Dauda ɗana kwantar da hankalinka, ba wanda zai ƙwace maka jita. Gardamar da kuke shirin farawa tsohuwa ce ƙwarai, ita ce matar nan ta Samariya ta kawo wa Yesu a bakin rijiyar Yakubu cikin Yohanna 4. Ta ce kakanninsu a kan dutsen nan suka yi sujada, wato Gerizim, Yahudawa kuma sun ce sai Urushalima. Kuma ba ƙaramar gaba ce ba, Samariyawa sun taɓa samun haikalinsu a kan dutsen, wani shugaban Yahudawa ya rushe shi fiye da shekara ɗari kafin a haifi Almasihu, don haka da ciwo a ranta take tambayar. Yesu bai ce mata dutsenku ne ko namu ne ba, ya ce lokaci na zuwa har ma ya yi da masu sujada na gaskiya za su yi wa Uba sujada cikin ruhu da gaskiya, irinsu kuwa Uba yake nema. Yau mun bar zancen dutse mun koma zancen ganga ko fiyano, tsaye ko durƙushe, da ƙarfi ko a hankali. Tambayar ba ta canja ba, amsar ma ba ta canja ba.

Amma wurin da ya fi ba ni tsoro tun ina saurayi shi ne Amos 5. Ku lura mutanen da Amos ya yi wa magana ba su daina zuwa sujada ba, a zamanin Yerobowam na biyu ƙasar tana cikin wadata, Betel cike da masu kawo hadaya, idodi ba a fasa ko ɗaya, waƙa da molo ba a magana. Sai Allah ya aiko makiyayi daga Tekowa ya ce musu na ƙi idodinku, ku kawar mini da hayaniyar waƙoƙinku, ba zan saurara ba. Me ya jawo? Ba muryarsu ce ta yi tsami ba. A sura 8 ya nuna su suna zaune suna ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe ciniki, su rage mudu su ƙara kuɗi su yi zamba da ma'auni, har dusar alkama su sayar, su sayi matalauci a bakin takalmi. Wato suna cikin sujada amma lissafin cuta ke yawo a kansu. To Luka abin da ka gani annabawa sun riga ka gani.

Dauda: Na ji Baba, na gode. To in haka ne mu ma mawaƙa wannan sura tamu ce, don mu ne muke ɗaga waƙar da Allah zai iya cewa ba zai saurara ba.

Markus: Ni fa gaskiya saboda irin wannan ne na rage zuwa coci. Tunda Allah ruhu ne kuma ko'ina ana iya yi masa sujada to me zai kai ni in zauna da mutanen da na san halinsu, ina ɗakina ina karanta Littafi Mai Tsarki ina sauraron wa'azi a waya hankalina kwance babu gulma babu kallon wane kaya ka sa

Mama Rifkatu: Markus ɗana, a'a. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Wayarka za ta ba ka wa'azi amma ba za ta zo duba ka ranar da ka kwanta ciwo ba, kuma ba za ta ɓata maka rai har ka koyi yafewa ba. Ta yaya za ka yi biyayya da ku ƙaunaci juna, ku ɗauki nauyin juna, ku yafe wa juna, kai kaɗai a ɗaki? Wa za ka yafe wa? Ibraniyawa 10:25 cewa ta yi kada mu bar taruwarmu yadda waɗansu suka saba, kaga tun wancan lokacin akwai masu irin tunaninka. Mutanen nan da ka san halinsu su ma sun san naka kuma ba su kore ka ba. Ka dawo.

Markus: Mama na ji, amma akwai abubuwan da aka yi min da ban faɗa a nan ba

Mama Rifkatu: Na yarda ɗana, ban ce ba a ɓata maka ba. Ka kira ni mu yi magana mu biyu, ba sai a gaban jama'a ba.

Fasto Iliya: Salama. Ina bin tattaunawar tun ɗazu. Bari in ƙara wani abu daga tarihi, don yana nuna cewa masu bi na farko ba su raba taron sujada da halin yau da kullum ba. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Roma mai suna Filini, da yake mulkin Bitiniya a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, ya rubuta wa sarki Tarajan wasiƙa yana tambayar yadda zai yi da Kiristoci. Ba mai bi ba ne, hukunta su yake yi, har ya sa aka azabtar da bayi mata biyu masu hidima a ikilisiya don ya ji gaskiyar abin da suke yi. Abin da ya samu shi ne suna taruwa a wata rana da suka tsayar kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa kamar ga allah, sannan su ɗaure kansu da alkawari cewa ba za su yi sata ba, ba fashi, ba zina, ba za su karya magana ba, kuma in an ba su ajiya aka zo karɓa ba za su musa ba. Ku dubi wannan da kyau. A cikin taron sujadar ne suke alkawarin yadda za su riƙe ajiyar mutane. Kuma kafin asuba suke haɗuwa, don a lokacin Lahadi ba ranar hutu ba ce, daga nan kowa aiki zai wuce.

Wajen 155 kuma wani malamin Kirista mai suna Yustin, wanda daga baya aka kashe shi a Roma saboda bangaskiya, ya bayyana taron Lahadi. Ana karanta rubutun manzanni da annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a tashi a yi addu'a, a ci jibin Ubangiji, dikinoni su kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba, abin da aka tara kuma a taimaki marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Babu lasifika babu babban gini, a gidajen mutane ake yi.

Tabita: Kai Baba Fasto wannan na Filini ya taɓa ni. Shi yasa nake son maganar nan da ake cewa Faransis na Asisi ya faɗa, wai ka yi wa'azin bishara kullum, in ya zama dole ka yi amfani da kalmomi. Ni dai a nan na tsaya, rayuwarka ta yi magana ba sai ka buɗe baki ba

Fasto Iliya: 'Yata Tabita maganar tana yawo sosai amma ba a same ta a cikin rubuce-rubucen Faransis ba, jingina masa aka yi. Shi kansa mai wa'azi ne da baki, gari gari yake bi yana yi har ya rasu a 1226.

Yakubu: Yauwa! Nagode Fasto, nan nake jira. Wannan zancen na rayuwata za ta yi magana shi ne bargon da matsorata suke lulluɓa da shi, ku yi haƙuri amma gaskiya ce. Rayuwarka za ta iya nuna kai mutumin kirki ne amma ba za ta iya faɗa wa kowa cewa Yesu ya mutu ya tashi a rana ta uku ba. Akwai mutanen kirki da yawa da ba Kirista ba, wasu sun fi mu riƙon amana ma, to in ka yi shiru mutum zai ce wane yana da hali mai kyau, yabon ya tsaya a kanka Almasihu bai samu komai ba. Romawa 10 ta tambaya ƙaƙa za su gaskata da wanda ba su taɓa jin labarinsa ba, ƙaƙa za su ji in ba mai faɗa. Ni kam a mota ina yi, a wurin aiki ina yi, wanda zai ji haushi ya ji

Hannatu: Ɗan'uwa Yakubu ina girmama himmarka amma kalmar matsorata ta yi nauyi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, dokar aikinmu ba ta yarda in tsaya kan mara lafiya ina masa wa'azi ba, kuma ni ma na ga hikimar dokar, mutum yana kwance ba shi da ƙarfin cewa a'a, allurarsa a hannuna take, in na matsa masa a wannan hali ai na ci zalinsa ne. Bari in ba ku misali ɗaya. Akwai wani tsoho da aka kwantar mana, 'yan'uwansa sun daina zuwa, ya ɓata shimfiɗa cikin dare wajen ƙarfe uku, yana ta ɓoye fuska da hannu don kunya yana ba ni haƙuri. Na jawo labule, na kawo ruwan ɗumi, na wanke shi na canja zanin gado na shafa masa mai a bayansa inda ya fara ciwo saboda kwanciya, ina ta jansa da hira kan jikokinsa don ya manta kunyar. Da na gama zan tafi ya riƙe min hannu ya ce 'yata me yasa ba ki ƙyamace ni ba. Nan ne na buɗe baki. Na ce Baba, Ubangijin da nake bi ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, ni ma ya wanke ni daga abin da ya fi wannan, shi yasa. Ya yi shiru can ya ce in yi masa addu'a, na yi gajeriya. Iyakar abin da ya faru kenan, ban san me ya yi da maganar ba don an sallame shi ina hutu. To ka gaya min, tsoro ne ya sa na jira ya tambaya?

Yakubu: A'a Yaya Hannatu wannan ba tsoro bane, ai kin faɗa. Matsalata da waɗanda ko an tambaye su sai su ce ai haka aka tarbiyyantar da ni, su ɓoye sunan Yesu kamar abin kunya

Hannatu: A nan kam muna tare. Amma in ce maka wani abu kai ma? Wa'azi a lokacin aiki, in an ɗauke ka ne ka yi awa takwas kai kuma ka kwashe biyu kana bin tebur tebur da ayoyi alhali fayil na jiranka, abokan aikin ba ayar za su tuna ba, aikin da ka bar musu za su tuna. Kolosiyawa 3:23 ta ce duk abin da kuke yi ku yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji. Akwai lokacin hutu, akwai hanyar komawa gida.

Yakubu: Ina gama aikina kafin nan, amma na ji batun

Baba Ishaya: Ku biyun kuna riƙe da aya ɗaya ne kowa ya kama gefe. 1 Bitrus 3:15. Ku zauna a shirye kullum ku ba da amsa ga duk wanda ya tambaye ku dalilin begen da ke cikinku, wannan na Yakubu ne. Amma da tawali'u da ladabi, da lamiri mai tsabta, wannan na Hannatu ne. Sai dai akwai tambayar da ke ɓoye a ciki wadda ta fi damuna, yaushe rabon da wani ya tambaye mu? In shekara ta zagayo ba wanda ya ga wani abu a rayuwarmu da ya sa shi mamaki har ya tambaya, to a nan ya kamata mu fara bincike.

Saratu: Ni abin da ke ƙona min rai shi ne saƙonnin nan na tura wa mutum goma in kana ƙaunar Yesu, in ka ƙi kaza zai same ka. Dan Allah mu daina. Wannan tsoratarwa ce ba bishara ba, kuma mutumin da kake cika wa waya da su ko gaisuwa ba ka taɓa yi masa ba ranar da mahaifiyarsa ta rasu.

Bulus: Ku bari in kawo tawa don ni tambaya ce da ni ba amsa ba. Ina riƙe da sito a inda nake aiki. Ogana ya kawo min takardar karɓar kaya ya ce in sa hannu cewa kaya sun shigo cikakku alhali ni na ƙirga da hannuna kusan kashi ɗaya cikin uku babu, ya ce kowa na yi kuma za a ba ni nawa. Na ce masa ranka ya daɗe ka yi haƙuri ba zan iya sa hannu kan abin da ban gani ba. Ya tambaye ni ko na fi kowa tsarki ne, na ce a'a ni mai zunubi ne da aka yafe wa shi yasa bana so in koma. Bai kore ni ba amma tun daga ranar ƙarin girma ya wuce ni, waɗanda na koya wa aiki sun zama sama da ni, a ofis in na shigo sai hira ta tsaya. Abin da ya fi min ciwo wani da muke coci ɗaya shi ya sa hannun a madadina. Matata na tare da ni amma kuɗin makarantar yara na nan yana jira. Wani lokaci da dare sai in ce anya ba wauta na yi ba. Shin wannan ma sujada ce ko taurin kai ne kawai

Dauda: Kai ɗan'uwa. Kar ka damu Allah zai ninka maka sau goma, kafin shekara ta ƙare za ka zo da shaida a nan

Baba Ishaya: Dauda na san da kyakkyawar zuciya ka faɗa, amma kada mu yi wa Bulus alkawarin da Allah bai yi masa ba. Yana iya ɗaga shi a wurin aikin nan, yana iya kuma barinsa a sito har ya yi ritaya. Samarin nan uku a Daniyel 3 sun ce wa Nebukadnezzar Allahnmu yana da ikon cetonmu, amma ko da bai cece mu ba ba za mu yi wa gunkinka sujada ba. Ba su san ƙarshen labarin ba lokacin da suke faɗa. Ibraniyawa 11 ma bayan ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki ta ci gaba da waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo cikin fatun awaki, duka kuma ta ce an yaba musu saboda bangaskiya.

Bulus ɗana, amsar tambayarka tana Romawa 12:1, ku miƙa jikunanku hadaya rayayyiya mai tsarki abar karɓa ga Allah, wannan ce sujadarku. Hannun da ka ƙi sa wa takardar nan jikinka ne. Hadaya kuwa dole ta ci maka wani abu, Dauda sarki ma ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji abin da bai biya komai a kai ba. Ba wauta ka yi ba. Abu ɗaya zan roƙe ka, kada ka bar ɗaci ya shiga tsakaninka da ogan nan ko ɗan'uwan da ya sa hannu, ka ci gaba da gaishe su ka yi aikinka da kyau fiye da da. Mu kuma da muke nan kada mu tsaya ga amin, maganar kuɗin makarantar yaran nan tamu ce, wasiƙar Yakubu sura 2 ta hana mu ce wa ɗan'uwa ka tafi lafiya ka ji ɗumi ba tare da mun ba shi komai ba. Fasto mu yi magana a gefe.

Fasto Iliya: Na ji Baba, zan kira ku yau da yamma.

Bulus: Nagode Baba. Ban zo don roƙo ba fa

Mama Rifkatu: Mun sani ɗana, ba roƙo ka yi ba mu ne muka ji. Tunda an zo nan bari in faɗi inda nake ganin sujada ta fi wuya, cikin gida. A waje kowa na iya daurewa na awa biyu. Amma yarinyar da ke taya ki aiki a gida, wadda take ganinki kin dawo daga taron addu'a kin ajiye Littafi kin hau ta da zagi kan kofi ɗaya da ya fashe, kin riƙe mata albashi wata biyu, ita wace bishara za ki gaya mata? Yaranmu ma haka, ba abin da muke faɗa a addu'ar safe suke ɗauka ba, yadda uba ke yi wa uwarsu magana in ya fusata suke ɗauka. Bitrus ya gaya wa maza su girmama matansu don kada addu'arsu ta toshe, ku duba 1 Bitrus 3:7, wato yadda ka bi da matarka yana iya tare addu'arka. Yesu kuma ya ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan gaban bagadi ka je ku shirya tukuna. Bai ce ka ba da sannan ka je ba. Sau nawa muka taɓa ganin wani ya tashi daga benci ya fita neman sulhu kafin faranti ya iso gare shi?

Saratu: Mama wannan ta shige ni har ƙashi.

Tabita: To ni matsalata daban ce, inaso in yi magana amma bansan Littafi sosai ba, ina tsoron a yi min tambayar da zan kasa amsawa in kunyata sunan Yesu

Fasto Iliya: 'Yata ba lauya aka kira ki ki zama ba, shaida aka kira ki, mai shaida kuwa abin da ya gani yake faɗa. Mutumin da aka haifa makaho a Yohanna 9 malamai sun tsare shi da tambayoyin da suka fi ƙarfinsa, ya ce wannan ban sani ba, abu ɗaya na sani, da ni makaho ne yanzu ina gani. Wanda aka fitar wa aljanu a Markus 5 ya roƙa ya bi Yesu, Yesu ya ce koma gida wurin mutanenka ka faɗa musu abin da Ubangiji ya yi maka. Yarinyar da aka kamo bauta a gidan Na'aman jimla ɗaya ta faɗa wa uwargijiyarta, ko sunanta ba a rubuta ba. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba ki ce ban sani ba zan bincika in dawo miki, kuma ki dawo ɗin.

Kuma ki sani da irinki bishara ta yaɗu tun farko. Ayyukan Manzanni 8 ta ce da tsanani ya tashi a Urushalima duka suka warwatse ban da manzanni, waɗanda suka warwatsen ne suka yi ta shelar maganar duk inda suka je, har wasunsu suka kai Antakiya inda aka fara kiran almajirai Kirista. A ƙarni na biyu wani masanin falsafa mai suna Kelsus, mai gaba da bangaskiyarmu, yana yi mana ba'a cewa masu saƙar ulu da masu ɗinkin takalma da masu wanki ne ke yaɗa ta a cikin gidaje. Da raini ya faɗa amma gaskiya ya faɗa. A 362 kuma sarkin Roma Yuliyan, wanda ya yi ƙoƙarin maido da bautar gumaka, ya rubuta yana ƙorafi cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba Kirista ba. Bakinsu da hannunsu tare suka yi aiki.

Tabita: Toh ga wata a gabana yanzu. Abokiyar aikina ɗanta ya rasu satin da ya wuce, ba mai bi ba ce, muna shiri sosai. Inaso in je amma bansan me zan ce ba, kuma bana so ta ga kamar na zo cin ribar baƙin cikinta ne

Yakubu: Ki je da Yohanna 11, ni ne tashin matattu da rai. Irin wannan lokacin zuciya take buɗe

Hannatu: Yakubu a wannan surar kafin Yesu ya kira Li'azaru sai da ya tsaya ya yi kuka tare da su. Tabita ki je ki zauna kusa da ita, ki ambaci sunan yaron, ki bar ta ta yi magana ko ta yi shiru, in akwai aikin da za ki kama a gidan ki kama. Kar ki ce mata Allah ya fi ki sonsa, kar ki yi bayanin dalilin da ya sa ya faru don ba ki sani ba. Kafin ki tafi kina iya cewa ina yi miki addu'a, ko ki tambaye ta in za ta yarda ki yi a wurin, in ta ce a'a ki girmama. Sannan ki koma bayan wata ɗaya lokacin da masu ta'aziyya sun watse, ki kuma riƙe mata wani abu na aikinta a ofis kafin ta dawo.

Yakubu: Ban ƙi ba, amma kada wata ɗaya ya zama shekara biyar ba a ce komai ba. Ni dai roƙona kenan

Hannatu: Wannan gargaɗin na karɓa.

Tabita: Nagode muku duka. Gobe zan je in mun tashi daga aiki, rahotonta na ƙarshen wata ma zan ɗauka in gama mata. Yaya Hannatu zan kira ki kafin in shiga gidan, ki bar wayarki a kunne dan Allah.

Hannatu: Ina dutin dare gobe amma sai ƙarfe takwas zan shiga, ki kira kafin nan.